Saƙonni Tara da Na Goge

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da tara, ina koyarwa a lakwal ɗin wani ƙauye a ƙasar Guci, aji biyu a hannuna cikin ɗaki guda na zana. Mutanen gari ba su kirana da sunana, Mushe suke cewa, kamar yadda ake kiran kowane malamin boko a wajenmu. Ina da mata da ƴa ɗaya a Magariya, ina zuwa wurinsu ƙarshen wata, wani lokaci sai bayan wata biyu idan hanya ta ɓaci. Ba na shan komai, ba na wasa da salla, kuma idan liman ya yi tafiya ni ake turawa gaba. Ban faɗi wannan don yabon kai ba, Malam Edita, sai don mai karatu ya san cewa wanda zai ba da labarin nan mutumin kirki ne a idon jama'a, kuma shi ma haka ya ɗauki kansa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda na cuta suna raye, kuma sun fi ni cancantar a rufa musu asiri.

Ranar da na sauka garin, da katifata ɗaure a bayan moto, ba ni da wurin kwana. Wani manomi, sa'ana, shi ya karɓe ni ya ba ni ɗakin ƙaninsa da ke jikin gidansu, kuma tun daga ranar kwanon tuwona daga gidansa yake fitowa. Mutum ne mai barkwanci. Yakan kama hannuna a gaban mutane ya ce su zo su ga tafin wanda yake noma da alli, ya fi na jariri laushi. Ni na koya masa rubuta sunansa da sarrafa salula, shi kuma ya koya mini zama da mutanen ƙauye, wa ake fara gaisarwa, wane gida ake zuwa ta'aziyya tun kafin a aiko. Shekara biyu muna haka, har aka daina ce mini baƙo aka koma cewa aminin wane. Matarsa kuwa, duk tsawon wannan lokaci ban san muryarta ba sai a gaisuwa. Nakan tsaya a zaure in yi sallama, ta amsa daga bayan danga, ta ce Mushe an wuni lafiya, shi ke nan. Suna da ƴa mai shekara biyar da ɗa na goye, mahaifiyarsa kuma, wadda duk muke kira Inna, tana cikin gidan tare da su.

A shekara ta uku tsutsa ta cinye gero tun yana kan zangarniya. Abin da aminina ya ɗaure bai cika rabin rumbu ba, sai ya yanke shawarar bin sahun samarin da ke tafiya Libiya. Ya samu aikin lambu a can, a wani wuri da ba ya samun rezo, wato sabis ɗin waya, sai ranar Juma'a idan ya shiga gari masallaci. A ƙauyenmu ma rezo ba ya sauka sai a kan wani tudun rairayi da ke bayan lakwal, kuma babbar salula mai ɗaukar saƙon murya ni kaɗai ke da ita a unguwar. Saboda haka tun kafin ya tafi muka tsara. Zai riƙa aiko saƙo biyu, ɗaya na Inna, ɗaya na iyalinsa. Ni zan hau tudu in sauke su, in kawo zaure, Inna ta saurari nata a gabana ta ba da amsa, sannan a shigar wa matarsa da salular ciki ta saurari nata ita kaɗai, ta danna ta yi magana, a dawo mini da ita in koma tudu in tura. A gaban Inna ya ɗora hannunsa a kafaɗata ya ce ya bar mini gidansa amana, zaure nawa ne duk lokacin da saƙo ya zo. Na ce Allah ya ba ni ikon riƙewa, kuma har zuciyata na faɗa.

Wata huɗu aikin yana tafiya daidai. Sai wata rana ina kan tudu saƙonta ya ƙi tafiya, na danna don in ga ko ya lalace, sai muryarta ta fito. Ya kamata in tsayar nan take. Ban tsayar ba. Matar da ban taɓa jin ta haɗa jimla uku ba, sai ga ta tana dariya, tana tsokanar mijinta cewa ta ji labarin ya koyi cin taliya da cokali, ya yi hankali kada ya dawo ya ce tuwonta ya yi masa nauyi. Daga nan muryar ta yi ƙasa, ta faɗi abin da mace ke faɗa wa mijinta idan ta tabbata ba mai ji. Na tsaya a kan rairayin nan cikin rana har saƙon ya ƙare, na sake kunna shi daga farko. Na gaya wa kaina ba komai, ai ban taɓa kowa ba, ban ga kowa ba, murya ce kawai. Mako na gaba ban jira saƙo ya ƙi tafiya ba.

Ta haka na san duk abin da ke cikin gidan da ban taɓa wuce zaurensa ba. Na san yaron yana tari, na san jinkar ɗakinta tana yoyo ta gefen gabas, na san Inna tana auna mata hatsi tana bin ta da magana. Kafin mijin ya samu Juma'ar da zai amsa, ni na riga na yi wani abu. In kawo maganin tari daga likita in ce na ji yaro daga ɗakina. In sa a kawo shuci a gyara jinka in ce na hango ta daga waje. Inna tana sa mini albarka, ita kuma matar ta fara ƙara kalma ɗaya biyu a gaisuwa. Wata rana na ji ta gaya wa mijinta a saƙo cewa amininsa mutum ne da yake gane damuwar mutum ba sai an faɗa masa ba. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda zan iya kwatantawa, alhali na san ƙarya ce, an faɗa mini, satar ji na yi. A cikin salular nan guda akwai saƙonnin matata daga Magariya, wasu sukan kwana uku ban buɗe ba.

Sai saɓani ya shiga tsakanin aminina da matarsa. Ta kai masa ƙarar Inna da zafi, shi kuma, ga gajiya ga kewa, ya amsa da zafin da ya fi nata. Ya ce uwarsa ce, idan ba za ta iya haƙuri ba ta san hanyar gidansu a Mallawa. Wannan saƙon ban ɓata lokaci ba, da gudu na kai shi. Ta dawo da salular ba ta ce komai a ciki ba. Juma'ar da ta biyo ya aiko wani, mai tsawo. Ya ce tun da ya faɗi maganar nan abinci bai yi masa daɗi ba, ya yi kuskure, ta yafe masa. Ya kira ta da wani suna da su biyu kaɗai suka sani, ya ce idan ya dawo zai ja mata danga ya raba mata sashenta da tukunyarta. Na saurara a kan tudu, na sauko, na kai wa Inna nata. Ina ganin inuwar matar a bayan danga tana jira. Na ce yau na Inna ne kaɗai ya zo. Inuwar ta ɗan tsaya, sannan ta juya. Na ce a raina gobe zan kai. Gobe ta yi, na ce jibi. A rana ta huɗu na goge shi.

Wanda bai san zamanmu ba zai yi tambaya, ta yaya irin wannan ƙarya za ta wuce mako ɗaya ba a gano ba? Kunya ce ta tsare ni. Ɗa ba ya buɗe baki ya tambayi uwarsa don me matarsa ba ta amsa masa, iyakarsa ya ce a gaida yara. Suruka ba ta zuwa wurin uwar miji ta ce ki tambayar mini ɗanki me ya sa ya daina yi mini magana. Inna kuma ko ta lura ba za ta sa baki ba. Mutum ɗaya ne kowannensu zai iya tambaya ba tare da jin nauyi ba, wato ni. Shi ya tambaye ni, na ce har yanzu tana fushi, ya ba ta lokaci, ina ba ta haƙuri. Ita ba ta tambaya da baki ba, amma duk mako inuwar nan tana zuwa bayan danga. Da na goge na farko dole na goge na biyu, domin a na biyun yana tambayar na farko. Haka har tara. Ladabin da iyayenmu suka gina don ya kare gida, shi na mayar abin fakewa.

Akwai mutum ɗaya da ya gani. Daraktan lakwal ɗinmu dattijo ne da ya kusa ritaya, Ba'are daga yammacin ƙasa, kuma Kirista, shi kaɗai a duk yankin. Ni kuwa kakannina Barebari ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Arawa da Barebari. Tun ranar da na zo yake kirana bawansa, ni ma ina ce masa kakana ne ya sayi nasa da tiyar gishiri. Tagar ajinsa tana kallon hanyar da ta bi gidan aminina. Ranar kasuwar Guci rabin ɗalibai ba su zuwa, mukan tashi da wuri, kuma ranar ce Inna ke hawa amalanke da man gyaɗarta da jikarta mace, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Na fara kai gaisuwa zaure a irin wannan rana, ba da saƙo ba, da ɗan sabulu ko alewar yara. A karo na uku, ina dawowa, dattijon ya kira ni gindin dogon-yaro inda yake dafa shayi.

Bai ambaci gidan ba, bai ambaci kowa ba. Ya ce a cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suke karantawa akwai koyarwar masu hikima na Bani Isra'ila, ta zamanin da, wadda aka tsara kamar uba yana yi wa ɗansa nasiha a kan matar mutum. Ya ce abin da ya daɗe yana ba shi mamaki shi ne yadda waɗannan tsofaffi ba su ɓata yawu a kan laifin kansa, sun san kowa ya san laifi ne. Hankalinsu yana kan ƙafa: wace hanya saurayi ya bi, wace ƙofa ya saba giftawa, da wane lokaci. Har akwai inda mai nasihar yake leƙe ta taga yana kallon wani matashi ya nufi gidan da maigidansa ya yi doguwar tafiya, yaron yana tafiya a natse, bai san ya riga ya gama yanke shawara tun daga bakin hanya ba. Ya ce su tsofaffin sun fi jan kunnen saurayi a kan mace mai jan hankali, amma shi a shekarunsa na yawon ƙauyuka, sau da yawa ya ga macen tana zaune a ɗakinta ba ta kira kowa ba.

Na gane sarai abin da yake nufi, shi ya sa na yi dariya mai ƙarfi. Na ce yau ga abin kallo, Ba'are zai yi wa jikan Barebari wa'azi, mu da muka kawo muku allo da tawada. Na ce addinina ma ya hana kusantar abin, ba aikata shi kaɗai ba, kuma na san wurin da aka faɗa tun ina ɗan shekara goma. Ya zuba mini shayi, ya miƙo, bai saki kofin nan da nan ba.

"Bawana," ya ce, "shekara uku muna wasa. Wannan ba ya ciki."

Na karɓi kofin na ce to ubangijina, na ji. Da wani malami ne na addinina ya faɗa mini, da wataƙila na ji tsoro. Amma abokin wasa ne, kuma ba Musulmi ba, sai na samu ƙofa biyu na fita. Kasuwar da ta biyo na koma.

Ba zan bayyana abin da ya faru ba, kuma ba na son mai karatu ya ɗauka wani abu ne mai daɗin labari. Na same ta tana kuka. Ta ce fiye da wata guda ke nan mijinta yana magana da uwarsa bai ce mata uffan ba, ta san ya gama da ita, wataƙila takardarta ce za ta zo a gaba. Ta tambaye ni, tunda ni ne amininsa, ko ya taɓa ambatonta. Na sunkuyar da kai na yi shiru irin na mai tausayi. Wannan shirun shi ne mafi munin abin da na taɓa yi a rayuwata, ya fi abin da ya biyo baya muni. Ranar na wuce zaure. Sau huɗu hakan ta faru, duka da rana tsaka, duka ranar kasuwa. Ba ni na tsayar ba. Ita ce, ana saura kwanaki a ɗauki azumi, ta yi mini magana daga bayan danga, da muryar da ta saba gaishe ni da ita a da. Ta ce ko mijinta ya yar da ita, Allah bai yar da ita ba, in tsaya a inda aka ce in tsaya.

Daga nan na koma kai saƙonni. Na gaya wa aminina ta huce, na gaya mata ya sauko. Suka ci gaba da magana, a takaice da farko, kowa yana jin shi aka yi wa laifi kuma ya haƙura, babu wanda ya tono abin da ya wuce. Na yi azumi, na yi tuba tsakanina da Allah, na ɗauka magana ta mutu. Ana gab da shuka ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, yana dariyarsa ta da. Ya kawo mini jallabiya fara da turare. A gaban mutane ya rungume ni ya ce ga wanda ya riƙe masa gida. Na sa jallabiyar na je masallacin Juma'a da ita.

Kwana shida bayan haka, ina cikin aji da hantsi, na hango shi tsaye a gindin dogon-yaro da sungumi a kafaɗa, ya fito daga shuka. Bai kira ni ba, ya jira har aka kaɗa ƙarfen hutu yara suka watse. Ya ce mu zaga baya. Da muka yi nisa da kunnen mutane ya ajiye sungumin, ya ciro salularsa ya buɗe wurin saƙonninmu, ya ja su sama a hankali da babban yatsa har ya kai inda yake so.

"Mushe, kai ka koya mini abin nan," ya ce. "Ka ce idan alamar da ke jikin saƙo ta koma shuɗiya, an buɗe an saurara. Ko na manta karatun?"

Na ce bai manta ba. Sai ya ba ni labari, a natse, kamar yana faɗin abin da ya samu wani. Jiya da yamma suna zaune, yana tsokanarta, ya ce bai san tana da taurin zuciya haka ba, mutum ya yi saƙo tara yana roƙo ko tari ba ta yi masa ba. Ta ce wane tara. Ya kunna mata. Ta saurare su ɗaya bayan ɗaya, ba ta motsa ba, har na ƙarshe, wanda a ciki yake cewa ko zaginsa ne ta yi ya ji muryarta. Da ya ƙare ta tashi ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa komai, har abin da bai tambaya ba, har abin da ba zai taɓa sani ba in da ta yi shiru. Ya ce ba zai kai ni wurin mai gari ba, ba zai kai ni jandarma ba, domin duk inda aka kira sunana za a kira nata, kuma ƴarsa za ta girma da shi. Abu biyu ya nema: in an rufe lakwal in bar garin, kuma daga yau kada in ƙara gaida mahaifiyarsa. Ya ɗauki sunguminsa ya koma gona. Na fi minti goma ina tsaye ina jiran bugun da bai zo ba.

Na je wurin darakta na faɗa masa duka. Bai ce ai na gaya maka ba. Na roƙe shi ya je ya ba aminina haƙuri, ba don ni ba, don ita, ya gaya masa ni na shirya komai, ita yaudararta aka yi, kuma duk abin da ya ɗora mini zan ɗauka. Dattijon ya ce zai je, amma in sani tsofaffin nan da ya ba ni labarinsu sun yi magana a kan wannan ma. Sun ce ɓarawon abinci yana da hanyar fita, zai iya mayar da abin da ya ɗauka har da ƙari a rabu lafiya, amma wanda ya shiga tsakanin mutum da matarsa ba shi da abin da zai kawo a karɓa. Ya je sau biyu. Aminina ya karɓe shi da mutunci, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce ya san ita aka cuta, kuma yana ƙoƙari. Ya yi ƙoƙarin kuwa. Duk daminar nan ya riƙe ta, har ya ja dangar da ya yi alkawari. Amma na ji daga baya cewa ba ya iya cin abinci idan tana zaune, ba ya iya kallonta idan tana dariya. Bayan an ɗaure gero ya sake ta. Ya gaya wa mutane rashin jituwa ne da Inna, Inna kuma ta ɗauki laifin da ba nata ba har yau ba ta san dalili ba. Matar ta koma Mallawa. An riga an yaye yaron, don haka yaran biyu suka zauna gidan ubansu, kamar yadda aka saba.

Ni kuwa an canza mini wurin aiki zuwa kusa da gida, abin da na daɗe ina nema. Mutane suka zo yi mini barka. Bayan shekara biyu na kasa riƙewa na faɗa wa matata. Ta yi wata uku a gidansu, ta dawo saboda ƴarmu, muna zaune lafiya, amma akwai wata sakewa da take yi da ni a da wadda ban ƙara gani ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Sau ɗaya na ƙara ganin waccan baiwar Allah. Aiki ya kai ni Mallawa, na same ta a bakin kasuwa tana sayar da ƙuli-ƙuli, ta yi wani auren, da goyo a bayanta. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi. Na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa kowane mai saye. Na ce na zo neman gafara. Ta ci gaba da jera ƙuli a faranti, ta ce abin da ya faru a ɗaki ita ba yarinya ba ce, da hankalinta, ta ɗauki rabonta ta kai gaban Allah, wannan ba ta riƙe ni da shi ba. Sannan ta ɗago.

"Amma ka bar ni wata biyu ina tsine wa mutumin da yake can yana roƙona. Kana tsaye a zaure kana kallona. Wannan ban san yadda ake yafe shi ba, Mushe. In na koya zan aiko maka."

Na tambayi yaran. Ta ce ana kawo mata su da Salla, ƙarama da babba, su kwana biyu. Ta ce namijin yana jin kunyarta, yana ɓuya a bayan yayarsa. Wata mata ta zo saye, ta juya gare ta, ni kuma na tafi.

Na daɗe ina tunanin inda na faɗi. A da nakan ce ranar kasuwar nan ce, sai na ga ba ita ba ce. Na ce ranar da na goge saƙon farko, ita ma ba ita ba ce. A kan tudu ne, da rana tsaka, babu mace a kusa da ni ko ɗaya, lokacin da murya ta fito na ƙi ɗaga yatsana. Duk abin da ya biyo baya ƙananan matakai ne, kuma kowane ɗaya na samo masa suna mai kyau: duba saƙo, taimakon iyalin aboki, gaisuwa, lallashi. Abin da waɗancan tsofaffin Bani Isra'ila suka gane, wanda malamanmu ma suke faɗa kullum muna gyaɗa kai, shi ne mutum ba ya faɗawa wannan rami da tsalle. Da kaɗan-kaɗan yake zuwa, yana salla, yana gaida mutane, yana ganin kansa mai amana. Sanin hukunci bai tsare ni ba, na san shi tun ina yaro. Abin da zai tsare ni shi ne in ji tsoron kaina tun abin yana ƙarami, kuma in karɓi gaskiya daga bakin da ta fito, ko na abokin wasa ne, ko na wanda ba mu haɗa alƙibla ba.

A ƙauyukanmu yau gidaje da yawa mazansu suna Libiya, suna Aljeriya, suna kudu, kuma a kowace unguwa akwai wani mai salula da ake bi ta hannunsa, malamin lakwal ne, ko mai shago, ko ƙanin miji. Da ku nake. Saƙon da ba naka ba kada ka buɗe shi ko da na daƙiƙa ɗaya, kuma kada ya kwana a hannunka. Idan ka ga ka fara sanin ranar da gidan wani yake zama babu kowa, ka miƙa aikin ga wani tun ranar, ka faɗi kowane dalili ka ga dama. Masu tafiya kuma, in da hali ku bar wa iyalinku hanyar da za su ji ku ba tare da ɗan aike ba, komai amincinsa, domin ni ma amintacce ne. Kada kuma wani ya yi wa kansa ƙaryar cewa idan abin ya fashe shi zai ɗauki nauyinsa. Ba a ba ka zaɓi. Ni na shirya komai, ni aka yi wa barka da canjin wurin aiki. Yau da safe na riƙe hannun ƴata na raka ta lakwal, da rana zan dawo in same ta a gida. Ita kuwa waccan baiwar Allah, ganin nata yaran sai Salla.